Jar tawadar da na ce baƙa ce

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ya yalwata maki shi, ya haskaka shi. Ni ce, ta wajenki ta Madarumfa. Kin san ban iya rubutu ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba a takarda. Jikarki ce ke rubutawa, wadda kike shafa kanta ki ce kitsonta ya tsufa. Yanzu madam ce a lakwal, tana karantar da yara boko, ita ma furfura ta fara fito mata. Ina faɗi, tana sawa. Na ce kada ta gyara mani magana, ta sa ta yadda ta fito.

Inna, tsoro nake ji. Shi ya sa na neme ki. Ranar Alhamis za a sa mani wuƙa a ido.

Bari in faɗa maki yadda asirina ya tonu, don ba da bakina na tona shi ba.

Wani abokin aikin jikarki, da zai bar aiki, ya ba ta wani alƙalami irin na da. Ba bik ba ne, biron nan da take gyara kayen rubutun yara da shi. Wannan shan tawada yake yi. Ana tsoma masa baki cikin kwalba, a murɗa gindinsa, ya zuƙa kamar ɗan akuya a nono. Da ta je Maradi sai ta sayo masa tawada, ƴar kwalba wadda ba ta cika tafin hannu ba. Bayan la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, gindin dogon yaro, ta ce za ta gwada. Ina zaune kusa da ita, Gwamma maƙwabciyarmu tana gefe tana ɓarar gujiya. Da ta buɗe kwalbar na ji ƙanshinta, kamar ƙarfen da ruwan sama ya daka. Na ji bakin alƙalamin yana ƙarƙaf-ƙarƙaf a takarda. Tana ta murna kamar wadda aka yi wa ɗinkin salla.

Sai ta miƙo mani takardar, ta ce tunda ni ce gwanar rini, in faɗa mata sunan wannan launi.

Na kawo takardar dab da hancina. Na ga wasu ƴan zare-zare masu duhu. Na ce baƙi ne mai kyau, ya kama sosai, kamar tawadar allo ta malamai.

Gwamma ta tuntsire da dariya, kin san irin bakinta, uwarta ma haka take. Ta ce, ke tsohuwa, wannan abu da ya yi kamar tofin goro ne baƙi? Ta yi dariyar ita kaɗai. Na ji ta daina ɓarar gujiyar.

Jikarki ta ce, a hankali, karan dafi ne, Iya. Irin naki sak. Don shi na saye ta.

Inna, karan dafi fa. Ni. Ni da kika koya wa tun ban kai tsayin turmi ba, a dafa shi da kanwa, a zuba kaba, a jira. Kina cewa kada a sauke sai ya yi duhu kamar hanta. Shekara nawa mata na zuwa daga Safo har Gabi neman faifaina saboda wannan jan, suna cewa na wasu yana koɗewa, nawa ba ya koɗewa. Ga shi an sa mani shi a gaban ido na ce baƙi ne.

Jikarki ba ta ƙyale ni ba. Ta ɗauko bik baƙi ta ja layi, ta ja wani da jar tawadar, ta ce in nuna ja. Na yi caca, na nuna. Ban dace ba. Ta sake, da manyan layuka kamar kunyar gona. Na sake faɗuwa. A na uku na ture takardar na ce ba jarrabawa na zo yi ba, ni ba ɗiyar lakwal ɗinta ba ce.

Daga nan komai ya fito. Faifan da na bar saƙawa shekara biyu, na ce bayana ne, ba bayana ba ne. Gaisuwar da nake jira sai mutum ya fara magana in gane muryarsa. Takun da nake ƙirgawa daga ƙofar ɗaki zuwa randa. Ranar da na yi wa buhun gero sannu da zuwa a zaure, na mai da abin wasa, kowa ya yi dariya har da ni. Duk ta haɗa su ɗaya bayan ɗaya, ina ji tana haɗawa.

Ta kai ni asibitin Maradi wajen lokotoron ido. Ya haska mani wata ƴar fitila, ya ce yanar ido ce, duka biyun, ta dama ta fi nuna. Ya ce aikin ba ya daɗewa, za su cire ta su sa wata ƙwaya mai haske a gurbinta, washegari a buɗe. Mutum ne mai sanyin murya. Ina jinsa, amma ba shi nake ji ba. Muryar wancan mutumin nake ji.

Kin san wanda nake nufi.

Ranar kasuwa ce. Ina goye da wannan mai rubutun. Na tarar da taro gindin tsamiya, wani baƙo mai farin rawani da jakar fata, an ce yana cire yanar ido. A gabana ya yi wa wani tsoho, tsohon ya miƙe yana ihu yana cewa ga rana, ga mutane. Ban ma sayi abin da na je saye ba. Na garzaya Gabi in taho da ke. Ƙannena maza suka ce a bari, kina ganin hanya, kina gane mutane, mi ake nema kuma. Na ce su ba su san zafin uwa ba. Na yi ta kuka har suka ɗora ki bisa jaki. Akuyata ta aure na ba baƙon.

Ni na riƙe kanki, Inna. Kina zaune a ƙasa tsakanin ƙafafuna, na danne kunnuwanki da tafuna. Ya fiddo wani tsinke na ƙarfe, ya goge a hannun rigarsa. Na ji jijiyar wuyanki ta miƙe, amma ko tari ba ki yi ba. Ya yi ɗaya, ya yi ɗayan. Ya ɗaga yatsu, kika ce uku. Kika juyo kika ce zanena yana da ruwan ɗorawa a baki. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, har yarinyar ta farka a bayana.

Kwana uku muka yi muna murna. A na huɗu idanun suka kumbura kamar gauta, suna ruwa, kina dafe kai kina kiran sunan Allah. Aka nemi mutumin, an ce ya ƙetare iyaka. Da kumburin ya saɓe, ba sauran komai. Ko rana ba ki gani.

Shekara tara kika yi haka a ɗakin da maigidana ya gina maki. Ni ke kai maki buta, ni ke juya ki ki fuskanci gabas. Ni ke sa hannunki a bakin akushi.

Yanzu ni ma ina ganin hanya. Ina gane ƙofa saboda haskenta. Idan aka bi da ni ta bakin tabki da hantsi, ina ganin wani abu yana walƙiya, na san ruwa ne. Ina rarrabe farar akuya da baƙa. Kaɗan ne, amma nawa ne. Irinsa ne kike da shi ranar da na ɗauko ki daga Gabi. Shi nake tsoron in miƙa a karɓe. An ce mani wannan daban ne, akwai allurar kashe zafi, akwai tsabta, Liman ma an yi masa bara kuma ga shi yana karatu ba mai riƙe masa hannu. Na ji. Kaina ya yarda. Cikina ne bai yarda ba. Ko abinci na sa a baki sai in ji tsinken nan.

Ƙanin jikarki da ke aiki Najeriya ya bugo waya, ya ce a bar tsohuwa ta huta, tana ganin hanya, mi ake nema kuma. Wallahi Inna, maganar kawunnansa ce ya maimaita, shi da ba a haife shi ba a lokacin. Na ji ta tana yi masa faɗa a bayan ɗaki. Ta ce in wani abu ya faru ita ta ɗauka. Da na ji haka sai na zauna a ƙasa.

Ba ta san nauyin abin da ta ce za ta ɗauka ba. Ni na sani.

Ni ce ɗiyarki ta fari. Kin riƙe kunya yadda ake riƙe ta a da, ba ki taɓa kiran sunana ba, sai waccan, sai ke. Ba ma zama mu yi hira kamar yadda kike yi da ƙannena. A shekara taran nan ba ki taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Masu zuwa dubiya kike ce wa, mai abu ne ya karɓi abinsa. Su kike faɗa wa, ba ni ba. Nakan tsaya bakin ƙofa da ƙwaryar fura ina jira ki ce, ba laifinki ba ne. Ko ki ce laifina ne, in ji, in yi kuka, in nemi gafara. Kunyar da ta hana ki ita ta hana ni tambaya. Har aka ɗauke ki ban sani ba. Yau na fi ki shekaru, har yanzu ban sani ba.

Ba ƙorafi nake yi ba, Inna. Haka kika tarar, haka na tarar. Ni ma wannan ita ce ta farina, ni ma ban taɓa kiran sunanta ba. Ba zan iya duban fuskarta in faɗa mata abin da ke raina ba, bakina ba zai buɗe ba. Amma ke ina iya faɗa maki.

To ki ji. Zan je ranar Alhamis. Da ƙafata zan shiga motar, ba wanda ya ɗora ni. In na dawo ina gani, alhamdu lillahi. In na dawo cikin duhu, kada kowa ya ce ita ce. Ba ƙannenta ba, ba Gwamma ba, ba ita da kanta ba in ta zauna ita kaɗai. Alheri ta nufa, na sani, don na taɓa nufin irinsa. Na yafe mata tun kafin a yi, duniya da lahira, kuma ba ma abin yafewa. Kada ta tsaya mani bakin ƙofa da ƙwarya tana jira.

Na ji alƙalamin ya tsaya. Inna, ki ce mata ta ci gaba, saura kaɗan.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta maki, ya mayar maki da ganinki a inda kike, ki ga abin da ya fi duk abin da kika rasa. Allah ya daidaita hannun lokotoron nan. Allah ya ba ni ƙarfin kwanciya shiru kamar yadda kika zauna shiru. In kuma akwai wani abu a ranki game da ni, Inna, don Allah ki sake shi kafin Alhamis.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
Tasalla