Damben Bello na Farko

Lahadi da dare, Rimawa

Alhamdu lillahi, ƙanena Bello ya dawo gida da ƙafarsa. Yau ya yi dambensa na farko a Goronyo, kuma har yanzu jikina bai gama sakewa ba.

Shekara shida yana buga wa garinmu ƙwallo, sai ya ga wani ɗan ƙasar Samoa a waya, wanda ya bar ƙwallon zari-ruga ya koma dambe. Na ce masa, wancan ƙato ne kamar rumbu, kai fa? Dariya kawai ya yi.

Abokin karawarsa ɗan Taloka ne, ya fi shi tsawo. A turmi na biyu ya sami Bello a kunne, na ga gwiwarsa ta yi laƙwas, na runtse ido ina salati. Da na buɗe, yana tsaye. Turmi uku babu kisa, aka raba su.

A hanyar gida wani tsoron ya taso mini, domin ni nake ce wa Inna gonar albasa Bello yake zuwa da yamma, alhali wajen koyon dambe yake tafiya. Muna shiga ta dubi kumburin kunnensa.

"Mi yas same ka ga kunne?"

Na fara in-ina, ta katse ni. "Yi shiru, Umaru. Tun watan jiya nike wanke tsumman da shika naɗe hannu da shi."

Ta dafa ruwa ta gasa masa kunnen tana faɗa. Wanda bai ce uffan ba a fage, sai ga shi yana ihu yana kiran sunanta.