Inna, Nafi'u Ya Ji

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Rabi. Daga Riyad nake rubuto miki, daga ɗakin da aka sauke ni a unguwar Aziziya. Na san ba za ki karanta ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki. Na dai sa a waya ne, duk wanda ya gani ya yi miki addu'a.

Na zo, Inna. Kin tuna da aka ce autanki Nafi'u yana da ciwon dajin jini, sai an yi masa dashen ɓargo, aka ɗebi jininmu mu duka 'yan'uwansa, nawa kaɗai ya dace. Kika ce, "To ki tafi, me kike jira?" Biza nake jira. Mutumin da Nafi'u yake wa tuƙi a nan Riyad ya tsaya tsayin daka a kan maganar, amma ba ta fito ba sai bayan an kai ki.

Kafin in taso Kawu Sule ya tara mu a zaure ya ce, "Kada in ji wani ya gaya wa yaron nan. Ba a ɗora wa mara lafiya gawa. In ya tashi, ni zan faɗa masa da bakina." Muka ce to.

Na hau jirgi da hijabin da na karɓi gaisuwarki da shi. Kullum kina cewa ranar da zan taka ƙasar nan sai kin yi guɗa. Na taka. Ba Makka ba ce, tituna ne da gadoji da zafi. Ban ji tsoron jirgi ba, ban ji daɗi ba. Kamar buhu aka ɗauko aka ajiye.

A asibiti akwai wata nas 'yar Sudan, Sista Amal, tana jin Hausa irin ta kakanninta. Ita ta fassara mini maganar likita. Ta ce ba fasa mini ƙashi za a yi ba. Allura za a riƙa yi mini a fatar ciki kowace safiya, ta sa irin jinin da ke cikin ɓargona ya yi yawa ya fito, sannan a tace shi a ba Nafi'u. Ta ce shi kuma an fara ba shi maganin da zai share nasa ɓargon gaba ɗaya, kamar yadda ake share gona kafin shuka. Wannan maganar ce ta zauna mini. An share masa, ba shi da komai sai abin da ke jikina.

Malam Isuhu Badamagare, abokin Nafi'u, shi da matarsa Mariama suka sauke ni. Kayan gwari yake ɗauka daga babbar kasuwar nan, to a motar da yake kai tumatir da albasa yake kai ni asibiti. Tafiyar da nisa, ga cunkoso. Da farko ban ji komai ba sai warin albasa.

Daga baya ciwon ya zo. Ya fara daga kwankwaso, ya sauka cinyoyi, ya hau ƙashin ƙirji. Kamar an sa ni a turmi ana kirɓawa a hankali. Ga ciwon kai, ga zazzaɓi sama-sama. Duk tudun da mota ta taka sai in ji shi har haƙorana. Nakan sa jakata a bayana, in riƙe ƙarfen ƙofa, in rufe ido. Malam Isuhu yakan ce, "Sannu Yaya Rabi, saura kaɗan," alhali ko unguwar Malaz da ke kan hanya ba mu kai ba.

Ban gaya wa kowa a asibiti ba. Ina tsoron in ce ina ciwo su ce an fasa. Kuma ke ce kika riƙe mini kafaɗa ranar haihuwata ta fari kika ce, "Mace ba ta ihu a kan gwiwa." In mun dawo gida Mariama ta tafasa ruwa ta gasa mini baya da tawul kamar mai jego. Ta dama mini kunu, in sha rabi. Takan dube ni ta ce, "Ki yi kuka mana, Yaya, babu kowa." In ce to. Ba ya zuwa.

Sista Amal ce ta kama ni, ranar da na kasa tashi daga kujera. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ke Rabi, nan ba gidan surukai ba ne. Faɗi inda yake miki ciwo." Na nuna mata. Ta ce ai allurar ce ke aiki, ɓargon ne ya cika yake neman hanya, babu wanda zai fasa komai. Ta ba ni ƙwaya, ta ce in riƙa shan ruwa da yawa, in ɗan taka ko a cikin ɗaki. Ciwon ya ragu, bai tafi ba. Ni kuwa ban ƙi shi ba, Inna. Tun da aka fita da ke, shi ne abu na farko da na ji a jikina.

Ranar ɗiba aka kwantar da ni kusa da wata na'ura, allura a hannun dama, allura a hagu. Jini ya fita ta nan ya dawo ta can, tun safe har bayan azahar. Leɓuna suka yi ta tsikari, yatsuna suka mutu, sanyi ya kama ni har aka lulluɓe ni da bargo biyu. Da aka gama aka nuna mini 'yar leda, abin ciki kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na duba. Na ce shi ke nan? Aka ce shi ke nan.

Nafi'u yana wani ɗaki shi kaɗai. Ta bayan gilashi nake ganinsa, mu yi magana a waya. Gashinsa ya zube, wuyansa ya yi tsawo. Kullum sai ya tambaye ki. Na ce wayarki ta faɗa ruwa. Na ce kin je Dayi wajen Gwaggo. Na ce babu sabis.

Shekaranjiya aka sa masa ledar. Jiya na je, ina dafa bango. Ya ɗauki waya, muryarsa can ƙasa, ya ce, "Yaya, na san na daɗe ban je gida ba. Ki ba Inna haƙuri. Ki ce ta daina fushi da ni, ko 'sannu' ce ta aiko mini."

Na tuna Kawu. Na tuna yadda kike ɓoye masa ƙanzo a kwanon sha in ya tafi makaranta. Bakina ya ce, "Inna ba ta yi fushi da kai ba, Nafi'u. Ko sau ɗaya." Ya tsaya yana kallona. Ya kalli hijabin, ya kalli fuskata. Ya ce, "Yaushe?" Na gaya masa.

Bai yi ihu ba. Ya yi salati, ya ajiye wayar a kan ƙirjinsa bai kashe ba. Ina jin numfashinsa a kunnena. Na ja kujera na zauna, har aka zo aka ce lokaci ya yi.

Likita ya ce sai an jira a ga ko irin ya kama. Ban kira Kawu ba tukuna. Na san abin da za a ce a gida in abin bai yi ba: Rabi ce ta karya masa zuciya. Wataƙila ma gaskiya ne. Amma ban iya barinsa ya shiga wannan jiran yana zaton kin juya masa baya ba. In na yi kuskure ki yafe mini.

Yau da safe ya aiko a ce mini in zo da wuri, yana so in gaya masa yadda kika cika, da wanda ya yi miki wanka. Bayana yana ciwo har yanzu. Malam Isuhu yana waje ya tayar da mota.

Allah ya jiƙan ki, Innata. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa kin huta. Allah ya sa abin da na samu daga jikinki ya zauna a jikin autanki, ya bar mana shi.

Taki ta fari,
Rabi