Kada Ka Binne Yatsun Iyayenmu a Cikin Siminti

Zuwa ga Shaihu Musa ɗan Malam Haruna, nazirin waƙafin rubaɗinmu na Yanbu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina gaida mahaifiyarka Hajiya Rabi, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafa. Ni ne Usman Bawa na Harra ta Gabas, wanda ya koya maka tarihi a makaranta tun kafin ka yi gemu. Na aiko maka faks, na buga maka beja, na'urar kiran nan ta aljihu, har yatsana ya gaji, na taka zuwa ofishinka a Ƙuba aka ce ka fita, alhali motarka tana ƙofa. Shi ya sa na rubuta wannan a fili, na sa a buga kofe a raba wa jama'armu bayan sallar Juma'a. Da gangan na yi ta da Hausa. In ta yi maka nauyi, nemi mai karanta maka.

Ga 'ya'yanmu da ake yi wa magana da Hausa su amsa da Larabci, bari in yi bayani. Rubaɗin gida ne da kakanninmu suka gina a tsohon garin Yanbu, kusa da inda jiragen ruwa ke tsayawa, suka yi waƙafinsa domin alhazan da suka fito daga ƙasarmu su huta kafin su kama hanyar Madina. Nazir kuwa shi ne wanda jama'a ta damƙa wa amanar gidan.

Na ɗaya. A watan Rajab da ya wuce na hau bas na tafi Yanbu. Tun da na yi ritaya ba mai neman ra'ayina a kan komai, sai na mai da tafiyar ƙasa aikina. Na sauka na ƙi ɗaukar tasi, na ratsa tsohon gari da ƙafa, da sandata da ciwon gwiwata. Na bi lungunan da aka matse su da gangan domin inuwa ta yi yawa, iskar teku kuma ta bi ta ciki. Na shafa bangayen da aka gina da dutsen murjani, wanda aka sassaƙo daga bakin teku, har yanzu ana ganin ƙananan ɓawon halittun teku a jikinsa. Na ga katakan da magina suka shimfiɗa a tsakanin jerin duwatsu domin nauyi ya rarrabu. Na ɗaga kai na kalli roshan, tagogin katakon nan masu ƙananan ramuka da mace ke ganin titi ta cikinsu ba a gan ta ba. Wasu gidajen sun durƙusa, kuliyoyi ne ke mulki a ciki. Amma ko wanda ya faɗi, da mutuncinsa ya faɗi. Na yi ta gaya wa kaina cewa namu dai yana da mai kula, tunda an sanar a majalisa cewa nazir ya fara gyara.

Na biyu. Na wuce rubaɗin ban gane shi ba. Ni da aka yi wa kaciya a tsakar gidan nan! Sai da wani dattijo, Ammu Salim, Balaraben da gidansa ke jingine da namu tun zamanin iyaye, ya kira ni daga bencinsa ya ce: "Ya ustaz, ina za ka? Ga gidanku a bayanka, an yi masa kwalliyar asibiti." Na juya na ga an shafe fuskar gidan da siminti, an bi da fenti ruwan toka. An cire roshan ɗin an kafa tagar alminiyom, an huda bango an cusa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗiga ruwa a jikin ginin. Na tambayi inda roshan yake. Ammu Salim ya nuna mini tsakar gida: rabinsa na jingine a kusurwa, rabin kuma leburori sun faskara sun dafa shayi da shi. Sannan ya yi dariya ya ce: "Mu talauci ya kashe mana gidaje, ku kuma gyara."

Na uku. Shaihu Musa, ba son tsohon abu ne kawai ke damuna ba. Dutsen murjani yana shan danshi da gishirin teku, yana fitar da su. Shi ya sa ake shafe shi da nura, wato farar ƙasar da aka ƙona, domin tana barin bango ya yi numfashi. Siminti toshe shi yake yi. Gishirin ya rasa hanya, sai ya koma ya ci dutsen ta ciki. Na ƙwanƙwasa bangon gabas da sandata, ƙarar ƙwarya ya yi. Tun yanzu ya fara kumburi a ƙarƙashin mukayyif. Wannan ba ɓoyayyen ilmi ba ne, kowace tsohuwa a unguwar ta san shi. Ka ɗauko ɗan kwangilar da ya saba gina shagunan bulo a bakin titi, ka miƙa masa gidan da ya girmi kakansa, ba ka tambayi kowa ba. Garin neman gira ka tsone ido.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Ɗakin ciki, na mata, ba a taɓa shi ba tukuna. Ɗan kwangilarka ya shaida wa Ammu Salim cewa bayan ƙaramar Salla za su dawo su shafe shi, saboda wai bangonsa duk karce ne da tabo, ba zai yi kyan haya ba.

Ba tabo ba ne. Al'adar gidan ita ce, duk shekara bayan an gama aikin Hajji, matanmu na Madina su sauka Yanbu su yi wa ɗakin yaɓe da hannu, yadda suka gada daga gida. Duk macen da ta sauko daga jirgi a wannan shekara, sai a kama hannunta a sa ta ja yatsunta a cikin ɗanyen nura, ta yi zanen garinsu. Bakanuwa ta yi nata, 'yar Damagaram ta yi nata, wadda ta yi shekaru a Sudan tana noman auduga don kuɗin jirgi ta yi nata. Doka ɗaya ce: ba a shafe hannun wata. Inda ya fashe kaɗai ake cikewa. Matan nan ba su iya rubutu ba, ba hoton ko ɗaya daga cikinsu, kaburburansu a maƙabartar Baƙi'a ba su da suna kamar na kowa. Na karanta littattafan tarihin Hijaz tun ina saurayi a jami'a, lokacin da nake zaton ilmi zai sa a saurare ni. An rubuta sunayen 'yan kasuwa da matuƙan jirage. Ban ga layi ɗaya a kan matan da suka tako daga Katsina zuwa bakin Bahar Maliya da goyo a baya ba. Bangon nan shi kaɗai ya shaide su.

A ƙasa, dama da ƙofa, akwai zanen yatsu uku maimakon huɗu. Na kakata ne, Inna Dije, wadda ɗan yatsanta ya ruɓe a hanya aka yanke. Sama da shi kaɗan akwai wani mai kama da gindin kwando. Tambayi Hajiya Rabi na wane ne. Na uwarta ne. Kai kanka an ɗaga ka kana jariri an ɗora tafinka a kai, ina tsaye.

Na san abin da za ka ce: alhazai yanzu ta jirgin sama suke zuwa, gidan ba mai kwana, waƙafi kuma yana bukatar abin shiga. Gaskiya ne. Mu ma muna da namu kason: matanmu sun daina sauka Yanbu, 'ya'yanmu suna jin kunyar a kira su Takari, sun fi son a manta ta ina muka shigo. Amma an naɗa nazir ne domin ranar da kowa ya manta, ya zama shi bai manta ba. In aikin gyaran shago muke so, da ba mu nemi ɗan Malam Haruna ba.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ka dakatar da ɗan kwangilar daga ɗakin ciki, a rubuce, kafin azumi ya kama. Ka sa a ɓamɓare simintin bangon gabas tun bai ja ginin ƙasa ba, a mai da nura. Ka ɗauke ragowar roshan daga rana. Ka kira dattawan jama'a, maza da mata, ka gaya musu da bakinka abin da ka yi da abin da kake shirin yi. Sauran ɗakunan ka ba da haya ga wanda ka ga dama, ban hana ka ba.

In kuwa ka yi shiru kamar yadda ka saba, to ka sani: ranar biyu ga Salla zan sake hawa bas. Zan shimfiɗa tabarmata a ɗakin, in jingina bayana da bangon. Ka gaya wa mutanenka su kwaɓa simintin da yawa, domin akwai tsoho guda da za su haɗa da shi.

Allah ya shirye ka, ya ba ka ikon sauke amanar da ka ɗauka, ya jiƙan Malam Haruna da matan da suka bar hannuwansu a gidan nan. Allah ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Malaminka,
Usman Bawa,
Harra ta Gabas, Madina.