Marinar Malam Ladan a Hannuna

Talata, 4 ga Shawwal, 1290

Maigidana Malam Ladan ya tafi. Ayarin Gwanja ya tashi daga Illela da hantsi, ya ce sai damina in Allah ya so. Ya bar mini gida, da uwarsa Inna Hajo, da marina. Marina fa! Ƙanensa ya so a ba shi, Malam ya ce a'a, matata Ummul Khairi ɗiyar marini ce, tun tana rarrafe take shaƙar warin baban rini. Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. A raina kuwa guɗa nake yi.

Na tsinci ragowar takarda cikin gafakarsa. A nan zan riƙa faɗin abin da ba ni iya gaya wa Inna.

Alhamis, 6 ga Shawwal

Agali, Buzun nan na Adar da ke ciniki da Malam kowace shekara, ya sauke fararen ƙyallaye, kayan raƙumi cur. Rawuna da zannuwa, yana son su baƙi wuluk, a buge su su yi ƙyalli, kuma kafin Layya. Daga bayan asabarin zaure na yi magana da shi. Ya ce, "Macce za ta iya?" Na ce ya dawo farkon Zulhajji ya gani da idonsa.

Bayan ya tafi na je na ga tulin kayan. Bakina ya yi saurin amsawa.

Litinin, 10 ga Shawwal

Biyu daga cikin ma'aikata sun gudu. Wani mai suna Attahiru ya buɗe sabuwar marina a Amarawa, ya yi musu alkawarin lada mai tsoka, ko sallama ba su yi mini ba. Saura uku. Baba Arzika, tsohon da ke haɗa baba a rijiyoyin rini tun zamanin uban Malam. Gado, mai tsomawa da shanya, mutum shiru-shiru. Da Nomau na mabuga, inda ake buge kaya su yi ƙyalli, ƙato mai murya kamar ganga.

Ƙanen Malam ya aiko wai ko ina son taimako. Ban so.

Laraba, 12 ga Shawwal

Na ƙara wa kowa lada. Ai don kuɗin wuri sunka tafi, da kuɗin zan riƙe waɗanda sunka rage. Sun yi godiya ƙwarai, Nomau har da durƙusawa. Shi ke nan, an gama. Ashe riƙon marina ba wuya.

Litinin, 17 ga Shawwal

Nomau bai zo ba. An gan shi jiya a kasuwa da sabuwar hula, yana saya wa abokai tsire. Aiki kuma yana nan yadda yake, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wuri kaɗai ne ya ragu.

Alhamis, 20 ga Shawwal

Sabuwar dabara. Daga yau ba ladan yini, kowa za a biya shi gwargwadon ƙyallen da ya fito daga hannunsa. Ni kaɗai na tsara, ban shawarci kowa ba, kuma ina jin daɗin kaina. Baba Arzika ya ce, "To," irin to ɗin da tsofaffi kan yi.

Laraba, 26 ga Shawwal

Wayyo Allah. Aiki ya yi gudu kam. Gado yana tsamo ƙyalle tun bai sha baba ba, yana sake tsomawa tun bai sha iska ba. Nomau yana bugu kamar mai korar maciji. Da anka shigo mini da rawunan farko sai na gan su shuɗi-shuɗi, irin launin da Buzu ba ya ko kallo. Tun ina ƙarama na san rinin baba ba ya son gaggawa, ni ce kuma da kaina na sa farashi a kan gaggawa.

Ga faɗa. Nomau ya ce Gado yana riƙe masa kaya don ya rage masa samu, Gado ya ce Nomau ya fasa masa zane. Sunka kama kokawa bakin rijiya, Nomau ya zame, ƙafarsa ɗaya ta faɗa ciki har gwiwa. Inna ta leƙa ta katanga, ta ce ƙafar ta fi rawunan kama rini. Na so in yi kuka, dariya ta riga.

Na soke dabarar. Dukan abin da anka yi sai an sake.

Juma'a, 28 ga Shawwal

Ban ƙirga ba, amma ido ya gaya mini ko sulusi ba mu yi ba.

Lahadi, 1 ga Zulƙida

Sanyi ya sauko. Inna ta ga hannun Gado lokacin da ya miƙo kaya, duk ya tsattsage saboda ruwan toka. Ba ta tambaye ni ba, ta dama kunun tsamiya mai zafi, ta aika da shi marina tare da kaskon man kaɗe. Na ce, "Inna, ai ina biyan su." Ta ce, "Mi ya haɗa biya da kunu?"

Gerona ne dai. Na ƙyale ta.

Talata, 3 ga Zulƙida

Abin mamaki, kwana biyun nan tun rana ba ta fito ba nake jin motsinsu. Kunu ba ya jiran kowa, Nomau kuma ba ya son ya tarar da ƙwarya wayam.

Da hantsi na kira Baba Arzika zaure. Niyyata in yi masa faɗa a kan rijiyar gabas da ta ƙi tashi, rininta bai nuna ba. Sai bakina ya fara da gaisuwa, na tambaye shi ƙafarsa, na tambaye shi yadda rijiyar ta kwana. Tsoho ya gyara zama. Ya ce tun tafiyar Malam ba wanda ya yi masa wagga tambaya. Wai kullum safe Malam kan tsuguna kusa da shi su shinshina ruwa tare, ko da ba abin da za a ce.

Ya ce, "Uwar ɗaki, ƙarin da kika yi na gode. Amma ranar da kika canza tsari ba ki tambaye ni ba, na kwana ina tunanin ko na zama tsohuwar muciya."

Attahiru ya aiko masa har gida, ashe. Bai tafi ba, bai kuma gaya mini ba.

Mun daɗe muna maganar toka. Na ce tokar da ake kawo mana ta yi sanyi, ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Mun yarda a canza. Ya fita yana tafiya kamar an rage masa shekaru.

Asabar, 7 ga Zulƙida

Tunda tambaya ba ta cin wuri, na tambayi Gado shi ma. Sai da na yi ta jan sa kafin ya buɗe baki. Ba hula yake so ba, ba riga ba. Shekara da shekaru yana tsomawa, har yau bai san yadda ake haɗa rijiya daga farko ba, don Baba Arzika kan kore shi ɗebo ruwa duk lokacin da za a zuba shuni.

Na yi wa tsoho magana a hankali. Na ce sunansa zai ɗore ne a hannun wanda ya koya wa. Ya yi gunaguni, ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Yaro! Gado fa gemunsa ya cika. A ƙarshe ya yarda. Na ba Gado ƙaramar rijiyar yamma, na ce tasa ce, ya haɗa da kansa, in ta lalace ni na yi hasara.

Allah ya sa kada ta lalace.

Alhamis, 12 ga Zulƙida

Nomau ya sa ni cikin waƙar bugu. Ina tuƙa tuwo ina jin sa, kowane saukar itace da sunana, wai mai kunu, mai man kaɗe, ɗiyar marina jikar marina. Kunun Inna ne, amma ban aika a gyara ba.

Litinin, 16 ga Zulƙida

Rijiyar Gado ta tashi! Kumfa ja-ja a sama, yadda ake so. Ya kawo mini ɗan ƙyalle na farko da hannu biyu, haƙoransa kaɗai ke magana.

Murna ba ta daɗe ba. Da azahar ɗan aike ya zo daga Garu, uwar Nomau ba lafiya. Nomau ya tsaya bakin zaure yana murza hula. "Uwar ɗaki, na san lokaci ya ƙure. In kin ce in tsaya, sai in tsaya."

Na so in ce ya tsaya, Allah ya sani. Ba mu da wani mai bugu, kayan da sunka bushe sun taru har rufi. Amma na ji muryar ƙaton nan ta zama ƙarama. Na ce ya ɗauki jakin gida, na sa anka ɗora masa gero da ɗan zuma, na ce ladansa na tafiya kamar yana nan. Da ya juya na ciji yatsa.

Juma'a, 20 ga Zulƙida

Mabuga shiru. Gado ya gwada bugu, ya bugi babban yatsansa. Wata mai tallan nono ta gaya wa Inna wai an ga mutanen Attahiru a Garu. Ƙanen Malam ya sake aikowa. Jakina, gerona, zumana. Wauta ce na yi?

Talata, 24 ga Zulƙida

Ina alwalar walha sai na ji bugu. Ba itace ɗaya ba, uku, suna amsa wa juna. Na fita da ruwa a fuska.

Nomau ne, da ƙannensa biyu, ƙatti kamarsa. Tsohuwa ta samu sauƙi, ita ce ma ta kore su, ta ce su je su buga wa matar da ta aiko mata zuma. Gaskiya ne mutanen Attahiru sun je. Nomau ya ce ya ba su ruwa sun sha, ya raka su bakin gari.

Na ce ƙannen ma za a biya su. Ya ce, "Mi? Ai taya ni sunka zo yi." Na ce taya ko ba taya ba, ba mai bugu a gidan Malam Ladan ya koma hannu wofi. Mun yi ta ja, na ci.

Yanzu kunu sai babbar tukunya.

Asabar, 5 ga Zulhajji

Agali ya zo. An shimfiɗa kaya a zaure, suna ƙyalli har ɗakin ya yi kamar da ruwa a ciki. Ina bayan asabari, zuciyata na bugu fiye da Nomau. Ya ɗaga rawani, ya kai shi bakin ƙofa, ya goga a bayan hannunsa, ya shinshina. Ya ce ko lokacin Malam bai samu irin wannan ba, a gaishe da uwar gida.

Na ce ya dakata. Na sa anka kira su duka. Na ce wanda ya haɗa rijiyoyin ga shi, Arzika. Wancan rawanin da ke hannunka daga rijiyar Gado ya fito. Ƙyallin kuwa na Nomau ne da 'yan'uwansa. Agali ya bi su ɗaya ɗaya ya ba su hannu, ya kwance jakarsa ya raba musu cuku da dabino. Baba Arzika ya yi ta gyaran murya yana goge ido. Inna ta ce hawaye ne, shi ya ce hayaƙi ne. Ba a hura wuta ba.

Juma'a, 11 ga Zulhajji

Jiya Layya. Kowa ya samu riga da kason nama, na kuma ware musu wani abu daga ribar Agali, sun ga ana rabawa a gabansu. Nomau ya ce bana ba hula zai saya ba, akuya zai kai wa tsohuwa. Mu gani.

Ɗaya daga cikin waɗanda sunka gudu Amarawa ya zo gaisuwar Sallah, yana ta zagaye-zagayen magana. Na ce ya je ya ga Baba Arzika, abin da tsoho ya yanke shi ke nan.

Lahadi, 20 ga Zulhajji

Gado zai tafi. Kawunsa yana da tsofaffin rijiyoyi a Gidan Katta da ba mai amfani da su, yana son ya tada su da kansa. Ya zo neman izini, ya durƙusa, ya ce in ban yarda ba ba ya tafiya.

Na shiga ɗaki na zauna. Ni na sa anka koya masa, ni na ba shi rijiya, yanzu da hannunsa ya nuna sai wani gari ya ci? Da na sani da na bar shi yana ɗebo ruwa. Haka na gaya wa Inna. Ta ci gaba da kaɗa audugarta, ta ce, "Haka ne kam," da irin muryar da ke nufin ba haka ba ne.

Ban ci tuwo ba. To, na dai ci kaɗan.

Laraba, 23 ga Zulhajji

Gado ya tafi da safe. Na yarda ne kawai don a Gidan Katta ba mabuga, dole kayansa su zo wurin Nomau, ribarmu ce. Haka zan gaya wa Malam in ya dawo, kuma gaskiya ce.

Baba Arzika ya raka shi, wai zai kwana biyu can ya ga yadda rijiyoyin suke. Ni na ce ya je. Shi ma don kada yaron ya ɓata sunan marinarmu ne, ba wani abu ba.

Kafin su tashi na ce a ɗora wa Gado shuni buhu guda ya fara da shi. Akwai na bara a rumbu, wanda ya ɗan sha iska, shi na yi niyyar bayarwa. Da na shiga sai na ga hannuna ya nuna na bana, mai kyaun, wanda na ɓoye don kaina. Inna tana tsaye tana kallo. Na ce na bara ya yi nisa a ciki ne, ba na son ƙura ta hau mini zane.

Na baran kuwa yana bakin ƙofar rumbu, Inna ma ta gani.