Littafin Awona Ne Ya Sauke Tijjani Daga Kan Inji

Hajiya Aina'u, don Allah ku taimake ni da shawara. Shekarata arba'in da ɗaya, kuma tun ina sakandare nake rubuta abin da ya same ni kowace rana, amma wannan maganar na rubuta na soke ya fi sau biyar.

Ni ne mai awo a wani kamfanin sabulu a Sharada. Layin inji uku gare mu. Kowane layi yana ware mini sabulu goma daga yankan safe, in ɗora a sikeli, in rubuta nauyinsu. Shekara goma sha ɗaya tsarina bai canza ba: layin farko da ƙarfe tara, na biyu kafin azahar, na uku bayan la'asar. Har alfahari nake da hakan.

Kullum sabulun layi na uku sai ya gaza da giram uku ko huɗu. Mai injin, Malam Tijjani, ya sha rantsuwa cewa bai taɓa saitin ba. Shekara biyu da suka wuce manaja ya duba littafin awona, ya sauke shi daga kan inji, ya mai da shi lodin mota. Ya girme ni, ga ciwon baya. Wanda aka ɗora a wurinsa ma haka nasa ke gazawa, amma abin da na rubuta kawai shi ne: injin nan ba shi da sa'a.

Bana kamfani ya sa ni kwas ɗin ilimin ƙididdiga da wata kwaleji ke koyarwa ta intanet. Asabar da Lahadi nake zuwa kafen intanet a Ɗorayi, in akwai wuta, in buga darasin a takarda in tafi da shi gida, don Turancin sai a hankali. A darasi na shida aka ce mai ɗaukar samfuri a tsari ɗaya kullum, wataƙila tsarinsa yake aunawa, ba kayan ba. Sau uku na karanta. Hajiya, ɗanyen sabulu ruwa ne a jikinsa. Na layi na uku wuni yake a kan katako cikin zafin rufin kwano yana bushewa kafin in iso kansa.

Sai na rubuta ɗaya, biyu, uku a guntayen takarda. Kowace safiya in zuba a hulata in zaro, wanda ya fito da shi zan fara. Yau kwana goma sha biyu. Duk layin da ya zo ƙarshe, nasa ne ke gazawa.

An ce in na ci jarrabawa za a ba ni shugabancin sashenmu. In na faɗa, na tona wa kaina asiri, ga kamfanoni ana ta rufewa a Challawa da Bompai, ga 'ya'ya biyar. In na yi shiru, ba mai sani. Ko kwana goma sha biyu bai isa hujja ba? Wataƙila ma ban gane darasin ba. Amma kullum sai Tijjani ya gaishe ni a bakin get da kwali a kafaɗa, har ya tambaye ni ya karatu.

Mai Awo, Sharada

Malam Mai Awo,

Ka gane darasin sarai. Da ba ka gane ba, da ba ka rubuto mini ba.

Tsoronka gaskiya ne, aiki ya yi wuya a Kano, kuma ba da gangan ka cuci kowa ba. Shekara goma sha ɗaya manyanka suna karɓar awon nan, ba wanda ya tambaye ka lokacin da kake yinsa. Amma bayan Malam Tijjani ne ke ɗaukar nauyin kuskuren, kuma yanzu ka sani. Shirun jiya rashin sani ne, na gobe kuwa zaɓinka ne.

Cika gwajin hular nan wata guda, don zuciyarka ta daina yi maka gardama. Kada ka ƙara ko kwana ɗaya, na san irinku da neman ƙarin hujja. Sannan ka je wurin manaja da shafi biyu, tsohon awo da sabo. Ba kuka za ka kai masa ba, gyara ne, kuma abin da ya tura ka karatu dominsa ke nan. A ƙasan takardar ka rubuta roƙon a mai da Tijjani kan injinsa. Ba zan yi maka alkawarin shugabancin ba, yana iya jinkirta.

Daga nan ka sami Malam Tijjani a gidansa, ba a bakin get ba. Ka nuna masa shafukan, ka ce rantsuwarsa gaskiya ce, ka nemi gafara.

Littafinka ne ya sauke shi, bari littafinka ya mai da shi. Allah ya ba ka sa'ar jarrabawa, ya ba shi lafiyar baya.

Hajiya Aina'u