Rawar da Ban Yi Ba

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ciwon ƙafa, ya sanyin ƙauye? Ina fata an gama tsinkar inabi lafiya.

Mama, mun buɗe sabon zangon bale, rawarmu ta kan yatsun ƙafa, ranar Asabar. Kin san hukumar gari ta ce in jaridun babban birni Bukarest suka sake kushe mu bana, za a rufe ƙungiyarmu ta rawa. Saura kaɗan a ɗaga labule gwiwar nan tawa ta ce ba ta san zancen ba. Shugabanmu Anghel ya sa Petruţa, wadda ke koyon rawata a bayana, ta hau a madadina. Aka shafe mata fuska da farar hoda, aka sa mata gashin da nake ɗorawa da rigata. A cikin ruɗewa ba wanda ya fito ya sanar da 'yan kallo an yi canji. Ni kuwa ina bayan labule da ƙanƙara a gwiwa. Wallahi ta yi rawa, har na ji haushinta.

Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Ilinca

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso. Kin ce kin manna jaridar da ta yabe ni a bango kusa da hoton Baba, har limamin coci ya karanta wa maƙwabta.

Mai sharhin jaridar, da ya kalli rawar ranar Asabar, ya rubuta cewa Ilinca, a shekara arba'in, ta yi rawar da ba ta taɓa yin irinta ba, kuma saboda ita kaɗai ya kamata a bar ƙungiyar. Tun da na fara rawa nake jiran mutumin nan ya yabe ni. Hukuma ta fasa rufe mu.

Anghel ya ce, "Ilinca, rufa mana asiri. In mai sharhin ya ji ya kasa bambance ku, kunya za ta sa ya binne mu da ranmu."

Petruţa ta kawo min man zafi jiya. Na ce ta yafe mini, tunda yabonta ya dawo kaina. Ta ce, "Haba Yaya, ai ke kika koya min." Ta juya tana gyara igiyar takalmi don kada in ga idonta.

Zan yi shiru saboda abincin mutane. Na faɗa wa Anghel na sauka daga rawar, a sa sunanta daga yanzu.

Mama, ki cire jaridar daga kusa da hoton Baba. Bai taɓa zama da ƙarya ba.

'Yarki,
Ilinca