Kwalbar Hadiyya ta Cika

Batsari, 4 ga Yuli

Abban yara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Katsina? Mu nan sai godiya.

Talabijin ɗin da ka haɗa mana da sola don yara su daina fita ta yi aikinta har ta zarce. Hadiyya tana cin tuwo ido a kan allo, hannu yana laluben kwano. Shi ne na kakkaɓo abin da aka koya mana a jami'a. Duk ranar da yarinya ta kashe kallo da kanta bayan awa ɗaya, zan jefa ƙwayar gyaɗa a kwalbarta. Wadda ta tara talatin, na yi alkawarin ta zaɓi abin da take so. Sumayya ta cinye nata a rana ta uku, da alama ilimin boko bai karɓe ta ba. Hadiyya kuwa ta ɗauki abin da zafi.

A gaida abokan aiki.

Taka,
Zuwairatu

Batsari, 9 ga Agusta

Abban yara,

Bayan gaisuwa, ya jiki? Murar ta sake ka?

Kwalbar Hadiyya ta cika. Ni takalmi na zata. Ita Runka take so a kai ta wurin Inna, tunda rabonta da kakarta shekara biyu. Ka san hanyar. Ko makon jiya wata motar a-kori-kura daga rabin hanya ta juyo saboda 'yan bindiga. Na kira Inna, ta ce kada in kuskura, ita kuma ba za ta baro tumakinta ba.

Na yi wa yarinyar tayin keke. Ta tuna mini cewa abin da take so na ce, ba abin da nake so ba. Malamanmu ba su kai nan a darasin ba. Kwana uku na kasa zama, in share tsakar gida in sake sharewa. Ba zan kai ta ba, amma ban san da wane baki zan sake yi mata alkawari ba.

Jiya da hannuna na kunna mata talabijin, na ƙara sauti, ko za ta shagala. Awa na cika ta tashi ta kashe, ta miƙo mini kwalba. Wai za ta ci gaba da tarawa, ko talatin ɗin ne bai isa ba.

Na jefa mata. Ka zo ranar Juma'a mu faɗa mata tare cewa babu zuwa Runka.

Allah ya kawo ka lafiya.

Taka,
Zuwairatu